Taku Ɗari da Ashirin na Malam Mudi

Duk wanda ya zauna a Sabuwar Maɗaci ya san sallamar Malam Mudi. Ranar Alhamis da hantsi, bayan an sauke tukunyar koko, sai a jiyo shi daga zaure yana tambaya ko akwai toka. Ba ya shiga gida, ba ya tsawaita magana. Yana nan tsaye da tsohon buhun taki a kafaɗa har a miƙo masa a kwano ko a fasasshen bokiti, ya juye, ya sa albarka, ya wuce ƙofa ta gaba. Matan garin sun san irin wadda yake so. Tokar kara ta fi fari, amma iska ba ta barinta ta kwana. Tokar itace ita ce mai nauyi, mai kama ƙasa. Amaryar da aka kawo garin, tun kafin ta gane hanyar rijiya an gaya mata kada ta kai tokar murhunta juji, ta Malam Mudi ce.

Da wannan toka yake zana layin filin ƙwallo. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana wannan aiki, ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da za a nemi wani.

A tsohuwar Maɗaci aka haife shi, wadda yanzu take ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. Yana da shekara goma sha uku aka zo da motoci aka kwashe su. Abin da ya fi tunawa daga wannan rana shi ne rigimar mahaifiyarsa, Inna Saude, da direba a kan dutsen niƙanta. Direba ya ce nauyi ya yi yawa, ita kuma ta zauna a kan dutsen ta ce to a bar su tare. Sai da Mudi da abokinsa Sha'aibu suka cicciɓa shi suka tura cikin mota sannan ta hau.

Sabon garin ya zo musu da layuka a miƙe, gidaje iri ɗaya, babu inuwar da suka saba da ita. Manya suka koma kamun kifi da noman rani, samari kuwa in la'asar ta yi ba su da wurin zuwa. Mudi yana ɗan shekara ashirin dagaci ya ba su fili a gabas da gari, daga gindin wata ɗorawa zuwa inda ido ya ga dama. Wani malamin makaranta ya ce musu filin ƙwallo na gaske taku ɗari da ashirin ne a tsawo, saba'in a faɗi, takun babban mutum. Mudi shi ne dogon cikinsu, don haka shi aka sa ya taka. A wannan shekarar injin niƙa ya riga ya zo gari, dutsen Inna Saude kuma ya tsage biyu yana yashe a bayan ɗaki. Mudi ya roƙe ta, ya ɗauki ɓarin biyu ya binne a kusurwoyin gabas don kada a yi gardamar iyaka wata rana. Ƙasa ta rufe su, shekaru suka rufe zancen. Shi kansa ya daina tunawa da su, domin ya fi amincewa da ƙafarsa.

Ga yadda yake aikinsa. Da ruwan farko ya sauka sai ya tumɓuke sandunan raga ya kai zaurensa, saboda gara. Filin ya zama na awaki har kaka. In an gama girbi sai ya fito da sassafe, ya jingina diddige da saiwar ɗorawa, ya yi bisimilla, ya taka ɗari da ashirin zuwa gabas, inda ƙafarsa ta tsaya nan zai kafa sanduna. Sannan ya tankaɗe toka da tsohuwar rariyar matarsa Furera, ya zuba a gwangwanin da ya huda wa gindi, ya bi layi a sunkuye. Layinsa ba ya karkata. Baƙi kan tambaya ko da injin aka ja shi.

Gabas da filin gonar Sha'aibu ce, wancan abokin nasa na cikin mota. Sha'aibu manomin albasa ne, kuma ba ya ƙaunar ƙwallo ko kaɗan, tun da babu ranar wasan da ba ta faɗa masa cikin shuka. Al'adarsa ita ce ya jira Mudi ya kafa sanduna, sai ya bar taku uku a bayansu, ya fara yanka fangalinsa daga nan. Haka suke yi kowace shekara, ba su taɓa yin sa-in-sa a kan iyaka ba.

Abin da ake yi wa Malam Mudi dariya a kai shi ne, duk wannan wahala da yake sha, ba ya kallon wasan. Zuciyarsa ba ta ɗauka. Da an busa usur sai ya zagaya bayan ɗorawa ya zauna, ya juya wa fili baya, ya fito da carbi. Da kunne yake bin wasa. Ya san ihun da ake yi in ƙwallo ta wuce ta saman raga, wanda yake tashi ya faɗi kamar an sauke kaya. Ya san na bugun kwana, ya san gunagunin da ake yi wa alƙalin wasa. In ya ji shiru ya yi tsawo sai yatsunsa su tsaya a kan carbi. Furera takan ce da shi, mutumin da ya dafa tuwo ya koma bayan ɗaki yana sauraron ƙarar cokali. Shi kuma ya ce ai ba da cokali ake cin tuwo ba, sai su yi dariya, zancen ya wuce.

Ƙungiyar garin, wadda ake kira 'Yan Ruwa, tana cikin gasar lig ta shiyya tare da ƙungiyoyi goma sha ɗaya daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Tun da aka fara gasar ba su taɓa wuce tsakiyar tebur ba, mutanen gari ma sun saba. Sai wata shekara Ja'afar ya karɓi horar da su. Ɗan garin ne, makanikin babur a Kwanar Dangora, wanda a filin nan ya koyi gudu. Ba a san me ya yi musu ba, sai gani aka yi sun je Kiru sun ci, sun je Bebeji sun yi kunnen doki, 'yan Tudun Wada sun zo sun kwashi uku. A gida kuwa ba wanda ya iya da su.

Gari ya canja. Mai shayin bakin kasuwa ya zana teburin gasar da alli a jikin bango, kullum ana tsaye a gabansa ana lissafin da an riga an yi jiya. Dattawan da suke kiran ƙwallo shirme suka koma tambaya a ƙofar masallaci, ƙasa-ƙasa, maki nawa ne tsakani. Khairiyya mai ƙosai, wadda ba ta taɓa zuwa filin ba, ta iya sunan kowane ɗan wasa da lambar rigarsa, ta kuma hana mai tsaron raga cin yaji har a gama gasa, wai kada ya sa masa ƙaiƙayin ido. An roƙi liman ya yi wa 'Yan Ruwa addu'a ya ƙi, ya ce shi ba ya roƙon Allah a kan wasa. Amma ranar Juma'a da ya ce Allah ya ba yaran garin nan abin da ya fi zama alheri, amin ɗin da aka amsa sai da ya sa shi ɗaga kai ya dubi sahu.

Murna ce, amma mai hana sukuni. Ja'afar ya rame har wandonsa na zamewa. In an tafi wasan waje, waɗanda suka rage a gari sai su taru a kan waya ɗaya, a kira wanda ya bi mota, layi ya yanke daidai lokacin da ya ce ga shi nan ya shiga da ita. Malam Mudi kuwa, Furera ta lura kwanon tuwonsa yana dawowa da saura, abin da ba ta gani ba tun rasuwar Inna Saude.

Haka aka zo wasan ƙarshe. Zakunan Dutse, ƙungiyar da ta fito daga Doguwa, su ne a sama da maki ɗaya tal. Jadawali ya nuna su ne za su zo Sabuwar Maɗaci ranar Asabar. In 'Yan Ruwa suka ci, kofi nasu ne. In aka yi kunnen doki ko aka ci su, ya tafi Doguwa. Kowa a garin yana faɗin abu ɗaya: ai a gida ne.

Ranar Talata da hantsi sai ga babur biyu. Ɗaya na Malam Abdulmumin ne, wani malamin makaranta daga Kiru, sakataren kwamitin gasa. Ɗayan na wakilin Zakunan Dutse ne, wani gajeren mutum mai jar hula. Ashe 'yan Doguwa sun kai ƙorafi cewa filin Maɗaci bai kai awo ba. Aka aika aka kira Malam Mudi daga bakin ruwa. Ya zo yana murmushi, har yana cewa a ba baƙi ruwa tukuna, domin shi a ransa ba abin da za a samu.

Malam Abdulmumin ya warware tef ɗin awo. Ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa daga ɗaya gefen. Kafin ya gama, rabin gari ya taru. Ya cire tabarau ya ce tsawon filin mita tamanin da huɗu ne, dokar gasa kuma ba ta yarda da ƙasa da casa'in ba. In ba a gyara ba zuwa Juma'a, za a kai wasan Tudun Wada.

Mai jar hula ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe shi ya sa ba a cin ku a gida. A akurki kuke tara maki." Sannan ya dubi Malam Mudi daga sama har ƙasa ya ƙara da cewa, "Tsoho ya san abin da yake yi."

Samari suka yunƙura, Ja'afar ya tare su. Malam Mudi ya tafi gindin ɗorawa, ya jingina diddige da saiwa, ya fara takawa yana ƙirgawa a fili don kowa ya ji. Mutane suka bi shi a baya suna ƙirgawa tare da shi. A kan ɗari da ashirin cif ƙafarsa ta dira a gindin sandar raga. Ya juyo ya dubi Malam Abdulmumin kamar mai cewa ka gani. Malamin ya sunkuyar da kai yana naɗe tef ɗinsa. Dariya ta kuɓuce wa wani daga baya, ya danne.

Malam Mudi ya koma gida bai fahimci abin da ya faru ba. Ya zauna a kan tabarma yana faɗa wa Furera cewa ko dai tef ɗin ne ya miƙe, ko kuma an haɗa baki. Ɗari da ashirin ya taka shekara arba'in da suka wuce, ɗari da ashirin ya taka yau. Furera tana tsince wake, ba ta ɗago ba sai da ya gama.

Ta ce, "Malam, ka tuna sanda za mu je Bebeji a ƙafa, ina goye da Hamdiyya? Har gudu-gudu nake yi in cim maka, kana cewa ina da nawa."

Ya ce ya tuna.

"To yanzu in za mu gaisuwa, ni nake tsayawa ina jiranka. Na daɗe ina yi, ban dai faɗa ba."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi gwiwar da take masa ciwo duk sanyi. Sai a lokacin abin ya sauka masa. Kowace shekara takunsa yana raguwa da ɗan abin da ido ba ya gani, sanduna suna matsowa, Sha'aibu yana biyo su da albasa. Yaran da suka girma a filin sun ɗauka su ne suka yi tsawo.

Abin da ya dame shi ya wuce zancen kofi, ko da yake shi ma yana ci masa rai, domin ya san in aka kai wasan Tudun Wada ta dalilinsa, ba zai iya sake tsayawa a zauren kowa ya nemi toka ba. Maganar mai jar hula ce ta tsaya masa a wuya. Tun yana yaro yake jin gargaɗin da aka yi wa masu tauye awo. Bai taɓa riƙe mudu a kasuwa ba, bai taɓa zaton abin zai shafe shi ba, ga shi an wayi gari ana nuna shi da baki a matsayin wanda ya rage wa baƙi fili da gangan. Bayan azahar ya tsaya ya tambayi liman. Liman ya ce wanda bai sani ba, ba shi da laifi, amma tun da yanzu ya sani sai ya gyara.

Gyaran ne da wuya. Ta yamma ɗorawa ce ta tare, bayanta kuma hanyar maƙabarta. Wasu samari suka ce a sare ɗorawar, Malam Mudi ya ce sai dai a fara da shi. Ta gabas kuwa albasar Sha'aibu ce, kore shar, saura mako biyu ta isa cira.

Ranar Laraba da safe Mudi ya sami Sha'aibu yana ban ruwa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, suka tambayi iyali, suka tambayi gwiwa da baya. Sha'aibu ya riga ya ji labari, don haka bai bari an zagaya ba.

Ya ce, "Dogo, in don ƙwallo ka zo, ka san amsata. Shekara nawa yaran nan suna karya mini ganye, yanzu kuma in cire musu da hannuna?"

Mudi ya ce, "Ba roƙo na zo ba. Ina jin cikin filin kake, ni ne kuma na jawo ka."

Sha'aibu ya ajiye fartanya. Ya ce shi bai taɓa wuce taku uku daga sanda ba, Allah shaida ne. Mudi ya ce ya sani, sandar ce ta yi tafiya. Sha'aibu ya ce magana ce mai nauyi, in da shaida a kawo. A nan ne, yana tsaye a bakin fangali, dutsen Inna Saude ya faɗo masa a rai.

Aka kira Ja'afar, wanda tsawonsa ya kusa na Mudi a zamanin ƙuruciya. Mudi ya ce ya taka ɗari da ashirin daga ɗorawa ta gefen arewa, ya buɗe ƙafa kamar mai saurin zuwa masallaci an tayar da iƙama. Ja'afar ya taka, ya wuce layin toka, ya shiga cikin albasa yana ɗaga ƙafa a hankali, Sha'aibu yana binsa da harara, har ya tsaya can tsakiyar gona. Aka kawo rodi ana soka ƙasa. Wuri na farko ba komai. Na biyu tsohon gwangwani. Rana ta take, mutane suka fara zamewa, Mudi kansa ya fara shakkar ko mafarki ya yi. A wuri na biyar rodin ya yi ƙara.

Sha'aibu ne ya karɓi fartanya ya tona da kansa. Da dutsen ya bayyana sai ya durƙusa ya share ƙasar da tafin hannu. Ga kwarmin da shekarun niƙa suka yi masa a tsakiya, ga tsagin da ya raba shi. Ya daɗe yana shafa shi.

Ya ce, "Na Inna Saude ne. Nan gefen ne ya murje mini yatsa ranar da muka ɗora shi a mota."

Mudi ma ya durƙusa kusa da shi, tsofaffi biyu cikin albasa. Sha'aibu ya tuna gumbar da take ba su in ta gama niƙa, Mudi ya tuna inuwar maɗacin da dutsen yake zama a ƙarƙashinta, wadda yanzu kifi ne ke yawo a wurin. Suka yi mata addu'a, da sauran waɗanda aka baro kaburburansu a can.

Ja'afar ya auna da igiya ya ce daga sanda zuwa dutse ya kai mita goma sha takwas, amma shida kawai ake bukata. In Baba Sha'aibu ya yarda a cire layi biyu na fangali, shi ke nan, sauran ya bar abinsa ya nuna. A ransa kuma, kamar yadda ya faɗa daga baya, yana tsoron dogon fili, domin yaransa ba su saba da shi ba.

Sha'aibu ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Shida na kwamiti ne. Ni ba kwamiti ne zai tambaye ni ba. A cire har dutse."

Ranar Alhamis ba wanda ya je bakin ruwa. Aka cire albasa, aka baje fangali, aka kwaso ƙasa a baro, aka yayyafa ruwa aka daddaɓe. 'Yan wasa da kansu suka yi ta tattaka wurin a jere har ya kwanta. Albasar ba ta gama ƙosawa ba, ba za ta ajiyu ba, sai Sha'aibu ya sa aka rarraba gida-gida. Kwana uku duk miyar garin ƙanshi ɗaya take yi. Toka kuwa, a karo na farko Malam Mudi bai zagaya nema ba. Ita ta zo ta same shi, a kwanuka da tasoshi da ƙwarya, har daga rugar Fulanin da ke bayan gari. Hamdiyya, 'yarsa da ke aure a Bebeji, ta aiko da rabin buhu a motar haya, direban yana ta tambaya ko magani za a haɗa.

Malam Mudi ya share tsohon layi ya ja sabo. Bayansa ya riƙe sau biyu, bai yarda wani ya karɓi gwangwanin ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Abdulmumin ya dawo da tef, ya auna ya samu mita ɗari da biyu. Ya ce a duk shiyyar babu filin da ya kai wannan. Wasa yana nan a Sabuwar Maɗaci.

Ranar Asabar tun azahar motoci suke sauke mutane. Masu rake da masu ruwan leda suka kewaye fili, samari suka hau katangar makaranta, mata suka tsaya daga nesa a bakin gidajen ƙarshe. Har Sha'aibu aka gani a tsaye a kan iyakarsa, wai ya zo gadin abin da ya rage. Malam Mudi ya zagaya bayan ɗorawa ya zauna.

Ba a daɗe da farawa ba ya ji ihun da bai taɓa jin irinsa ba, har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. 'Yan Ruwa sun ci. Ya ce alhamdu lillahi, carbi ya faɗi ya ɗauka. Aka tafi hutu a haka. Da aka dawo sai ya ji sautin ya sauya. Kiran sunaye ya yi yawa, muryar Ja'afar ta dushe yana ta cewa a dawo baya. Mudi ya gane ƙafafun yaran sun fara nauyi. 'Yan Doguwa mutanen tudu ne, gudu ba ya gajiyar da su. Can sai ya ji ihu daga ɓangare ɗaya kawai, ƙarami, na baƙi. Sun rama.

Saura minti kaɗan a tashi aka yi wani shiru wanda bai san fassararsa ba. Bai yi shawara da kansa ba, sai ganinsa ya yi a tsaye ya leƙo ta gefen ɗorawa. Wani ɗan wasan 'Yan Ruwa ne ya samu ƙwallo tun daga tsakiya yana gudu da ita ta gefen layi, shi kaɗai, jama'a duk sun riƙe numfashi. Abin da Mudi ya gani shi ne filin. Ya buɗe, ya yi nisa, ragar gabas can ƙurya kamar yadda take a shekarar da ya fara taka shi, lokacin Inna Saude tana da rai, gwiwarsa lafiya lau. Yaron ya yi ta gudu a kan wurin da albasa take shekaranjiya, ya buga, ƙwallo ta daki sanda ta fita waje. Aka busa tashi.

Kofi ya tafi Doguwa. An yi kuka a garin, har da manya. Kafin baƙi su hau mota, mai jar hula ya nemi inda Malam Mudi yake, ya zo ya durƙusa a gaban mutane ya ce, "Baba, na yi maka magana ranar Talata wadda ba ta dace ba. Ka yafe mini." Mudi ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya kuma kai su gida lafiya. Da ya koma gida Furera ta ajiye masa tuwo da miyar da albasa ta yi wa yawa, ya cinye tas.

Ba kowa ne ya huce da wuri ba. Wasu samari sun yi mako guda suna gaishe shi a ciki-ciki, suna cewa da an tsaya a mita casa'in da ƙwallon nan ta shiga. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Shi dai ranar Alhamis da ta biyo baya ya ɗauki buhunsa ya fita yana ɗar-ɗar, ya yi sallama a gidan farko, kafin ya rufe baki an miƙo kwano.

Bai sake auna fili da ƙafa ba. Ya sayi doguwar igiya ya kai wa Malam Abdulmumin har Kiru, suka shimfiɗa ta a harabar makaranta tare da tef, ya ƙulla ƙulli a kowace mita goma. Da ita ya yi aiki kaka biyu. A damina ta uku, sanduna suna jingine a zaurensa, Allah ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

'Yan Ruwa har yanzu ba su ɗauki kofin ba, bara ma na uku suka zo. Igiyar tana wurin Furera, a rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. In an gama girbi Ja'afar yakan zo ya durƙusa ya karɓa, in ya gama ya dawo da ita a naɗe. Sha'aibu, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, yakan fito ya tsaya a kan dutsen har a ja igiya ta iso ƙafarsa, ya duba ƙullin ƙarshe da kyau, sannan ya ce wa 'ya'yansa su fara yanka fangali.